Idon Taru da Makomar Kifi: Yadda Ƙirar Raga Ke Rage Kamun da Ba a Nufa Ba

1.0 Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa na gargajiya, kuma har yau akwai al'ummomi masu yawa da suke ci suke sha da shi. Galibin abin da ake koya wa ɗalibai game da wannan sana'a bai wuce sunayen kayan aiki da sarautun ruwa da tsafe-tsafen Sarkawa ba. Wannan babi zai dubi wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba, wato dangantakar da ke tsakanin yadda aka saƙa raga da irin abin da take kamawa. Za a fara da gulaben arewacin Zamfara, musamman yankin Badarawa da Shinkafi da Ƙauran Namoda da Zurmi, sannan a leƙa teku inda manyan jirage suke jan tarun kamun jatan lande, domin a can ne matsalar ta fi tsanani, kuma a can ne aka fi yin nisa wajen nema mata magani. Daga ƙarshe za a dawo gida a ga darasin da ke ciki ga masunci da kuma malamin Hausa.

2.0 Ma'anar Kamun Rakiya

Duk masuncin da ya shiga ruwa yana da abin da ya nufa. Wani tarwaɗa yake nema, wani karfasa, wani kuwa giwan ruwa. Sai dai raga ba ta san nufin mai ita ba. Duk abin da ya faɗa cikinta, matuƙar ya fi ƙarfin idonta, to ya kamu. Saboda haka idan aka jawo taru, akan tarar da abin da aka je nema tare da wasu halittu da ba a nufa ba. Waɗannan halittu su ne za a riƙa kira kamun rakiya a cikin wannan babi, bisa la'akari da yadda Bahaushe yake cewa ɗan rakiya ga wanda tafiya ta haɗa da shi alhali ba tasa ba ce.

Ana iya kasa kamun rakiya gida uku. Kashi na farko shi ne ƙananan 'ya'yan irin kifin da aka je nema, waɗanda ba su kai munzalin hayayyafa ba. Kashi na biyu shi ne wasu nau'o'in kifi dabam da wanda aka nufa. Kashi na uku kuwa shi ne halittun da ba kifi ba, kamar kififiya da kwaɗo da ƙaguwa a gulbi, ko kunkurun teku a can bakin teku. Haka kuma ya kamata a bambanta kamun rakiya da kamun zubarwa. Ba duk abin da ya yi rakiya ake zubarwa ba, domin akan ci wani, a sayar da wani. Kamun zubarwa shi ne wanda aka mayar cikin ruwa ko aka yar a bakin gaɓa, galibi bayan ya riga ya mutu.

3.0 Su a Gulaben Arewacin Zamfara

Manyan gulabe biyu ne suke ratsa wannan yanki. Gulbin Gagare ya biyo ta Ƙauran Namoda ya nufi ƙasar Shinkafi, shi kuwa gulbin Bunsuru ya ratsa ƙasar Zurmi. Dukkansu suna zuba ruwansu cikin gulbin Rima, wanda aka datse a Goronyo a shekarar 1984. A yammacinsu akwai madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978.

Waɗannan gulabe na damina ne. Idan ruwa ya sauka sosai sukan cika su tumbatsa su malale fadamu, da rani kuwa sai su janye su bar yashi da gurabe da tafkuna nan da can. Rayuwar kifi tana tafiya ne tare da wannan sauyi. Da farkon cikar ruwa tarwaɗa takan haura cikin ciyayin da ruwa ya shanye ta zuba ƙwai. Ita kuwa macen karfasa takan riƙe ƙwanta da 'ya'yanta a cikin baki har su yi ƙwari. Fadamar da ruwa ya malale ita ce gidan renon kifi, domin a nan ƙanana suke samun abinci da maɓoya. Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja, sai su biyo shi su koma gurabe. Abin da ya tsira a cikin guraben nan har zuwa wata damina shi ne irin da zai sake cika gulbi. Wannan ya nuna cewa su a gurbi da rani tamkar ɗiba ce daga rumbun iri.

3.1 Kayan Su da Idanunsu

Daga cikin kayan su da aka fi sani akwai koma, wadda mutum ɗaya yake riƙewa a hannu. Da birgi, wanda ake wurgawa ya buɗe ya rufe kifi. Da kalli, wanda ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya soka kai ya maƙale. Da taru, babbar ragar da mutane da yawa suke ja. Da gura da undurutu, waɗanda tarkuna ne da ake girkewa. Sai kuma mamari da fatsa masu amfani da ƙugiya. Kowane rami na jikin raga shi ake kira ido, kuma masunta sukan auna shi da yatsu. Akan ce raga mai yatsa ɗaya, ko mai yatsa biyu, ko mai yatsa huɗu, gwargwadon yawan yatsun da za su shige cikin ido guda.

Waɗannan kaya ba su yi daidai wajen zaɓe ba. Kalli yana da zaɓe sosai, domin kifin da ya yi ƙanƙanta yakan wuce ta cikin ido, wanda ya yi girma ƙwarai kuma kansa ba ya shiga. Taru kuwa share fage yake yi, yana tattaro duk abin da ya tarar a gabansa. Ke nan idon taru ne kaɗai ƙofar tsira ga ƙaramin kifi.

3.2 Inda Matsalar Take

A da, masunta da kansu suke saƙa raga da zaren gida, kuma wahalar saƙar ƙaramin ido takan sa a tsaya ga matsakaici. Bugu da ƙari, Sarkin Ruwa yana da ikon rufe gurbi ya hana shiga sai ranar da aka buɗe shi. Da ragar nailan ta kanti ta shigo, sai ƙaramin ido ya zama abin da kowa zai iya saye. A ƙasashen Afirka da dama ma an shaidi yadda ake karkatar da gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro zuwa kamun kifi, alhali idonsa ba ya barin ko ƙwai ya wuce.

Abin da kan biyo baya a bayyane yake. Idan aka kwashe ƙanana bana, manya za su yi ƙaranci baɗi. Idan manya suka yi ƙaranci, sai masunci ya ƙara matse idon raga don kada ya koma gida hannu rabbana. Matse idon kuwa yana ƙara rage irin da ya saura. Haka abin yake zagayawa har gurbin da aka san shi da ramboshi da ragon ruwa ya koma ba a samun kome a cikinsa sai 'yan mitsi-mitsin da ake aunawa da kwano.

4.0 Tarun Jatan Lande a Teku

Jatan lande wata ƙaramar halitta ce ta ruwa mai ɓawo da dogayen gashin baki. Busassun ƙananansa su ne karafish da ake sayarwa a kasuwanninmu, manyansa kuwa haja ce mai tsada da ake fitarwa ƙasashen waje. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma jiragen kamun jatan lande suna aiki a ruwan da ke daura da Legas da yankin Neja Delta. Akasarin abin da suke fitarwa Turai yake tafiya.

4.1 Yadda Tarun Ja Yake Aiki

Tarun da jirgi yake ja yana da siffar mazurari, faffaɗan baki a gaba, sannan ya riƙa tsukewa har ya ƙare da wata jaka a baya inda kamu yake taruwa. Akan ɗaura wasu manyan allunan katako ko na ƙarfe guda biyu a gefunan bakin, waɗanda ƙarfin ruwa yake turawa waje su riƙe bakin a buɗe. Leɓen sama yana ɗauke da abubuwa masu taso da shi, na ƙasa kuwa an nauyaya shi da sarƙa domin ya riƙa jan ƙasa yana tayar da jatan lande daga cikin laka. Jirgi yakan yi sa'o'i yana ja kafin a ɗago.

Tushen matsalar abu biyu ne. Na farko, jatan lande ƙarami ne, don haka dole idon jaka ya zama ƙarami. Na biyu, wuraren da yake zama, wato ruwa marar zurfi kusa da bakin koguna, nan ne kuma gidan renon kifayen teku. Saboda haka tarun da aka saƙa don jatan lande yakan kwaso 'ya'yan kifi masu ɗimbin yawa. Haka kuma yakan rutsa da kunkurun teku, wanda iska yake shaƙa kamar ɗan Adam. Idan ya daɗe a cikin jaka bai taso ya numfasa ba, sai ya mutu.

4.2 Girman Ɓarnar

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙiyasi sau uku a kan kamun zubarwa a tekunan duniya. Rahoton 1994 ya ƙiyasta tan miliyan 27 a shekara, na 2005 ya kawo tan miliyan 7.3, na 2019 kuwa tan miliyan 9.1. Hanyoyin lissafin sun bambanta, don haka ba daidai ba ne a ɗauki tazarar da ke tsakaninsu a matsayin ainihin raguwar da aka samu. Abin lura shi ne rahoton 2005 ya nuna cewa tarun jatan lande na ƙasashe masu zafi shi kaɗai ya ɗauki fiye da kashi 27 cikin ɗari na dukkan abin da ake zubarwa, kuma a jimlace jiragen jatan lande suna zubar da kimanin kashi 62 cikin ɗari na abin da suka kamo. Wato a cikin kowane kwando goma da aka ɗago, shida teku suke komawa.

5.0 Dabarun Ƙirar Raga

Masana da masunta sun lura cewa halittun da suke shiga taru sun bambanta ta fuska biyu, wato girman jiki da kuma ɗabi'a. Jatan lande ba gwanin iyo ba ne, ruwa yakan kwashe shi kai tsaye zuwa ƙarshen jaka. Kifi kuwa yakan juya ya fuskanci ruwa yana iyo, yana neman mafita. Dukkan dabarun da za a bayyana a ƙasa a kan waɗannan bambance-bambance biyu aka gina su.

5.1 Faɗin Ido

Wannan ita ce dabara mafi sauƙi kuma mafi daɗewa. Idan aka faɗaɗa idon jaka, ƙananan kifi da ƙananan jatan lande za su zube, manya su tsaya. Iyakarta ita ce ba ta raba jatan lande da kifin da girmansu ya zo ɗaya, kuma ba ta amfanar kunkuru da kome.

5.2 Siffar Ido

Idon raga na yau da kullum yana da tsini gaba da baya. Idan jaka ta yi nauyi kuma jirgi yana ja, sai idon ya miƙe ya tsuke har ya kusa rufewa. Ke nan ido mai faɗi a kan tudu yana iya zama matsattse a cikin ruwa. Maganin wannan shi ne a juya saƙar yadda zaren zai bi tsawon taru da faɗinsa, ido ya zama murabba'i mai kusurwa huɗu daidai. Irin wannan ido ba ya rufewa kome ƙarfin ja. Akan yi jaka gaba ɗaya da shi, ko kuma a yanke wani sashe na saman taru a ɗinka masa ƙyallen raga mai manyan idanu murabba'ai.

5.3 Rariyar Sanduna

Wannan dabara ta yi kama da tankaɗe. Idan mace ta zuba niƙa a rariya, gari yakan wuce, tsaki ya tsaya. Haka ake girka wani firam na ƙarfe mai jerin sanduna a cikin wuyan taru, gab da jaka, a karkace. Jatan lande yakan bi ta tsakanin sanduna ya faɗa jaka. Babbar halitta kuwa sai ta zame a kan sandunan ta nufi wata ƙofa da aka yanke a sama ko a ƙasan taru, ta ture murfin raga ta fice. Bambancin kawai shi ne a nan garin ake tarawa, tsakin kuwa a sake shi da ransa.

Rariyar tana da iri biyu fitattu. Ta farko ita ce ta kuɓutar da kunkuru, wadda Amurka ta fara wajabta wa jiragenta a 1987. A ƙa'idarsu tazarar sanduna ba ta wuce inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, kuma ba a amincewa da ƙira sai ta nuna tana fitar da kashi 97 cikin ɗari na kunkurun da ya shiga. Ta biyu ita ce ta ƙasar Nowe, wadda aka wajabta a farkon shekarun 1990, mai tazarar milimita 19 kacal, domin ita kifi aka yi ta ta fitar. Abin sha'awa shi ne dukkansu biyu daga hannun masunta suka samo asali. Sun ƙirƙiro su ne don kawar da wata halittar teku mai santsi da ke cika masu taru, daga baya masana suka inganta su. Ƙasar Ostareliya ma ta wajabta rariya da tagar kifi a babban wurin kamun jatan landenta na arewa a shekarar 2000.

5.4 Tagar Kifi

Wannan wata 'yar ƙofa ce mai zoben ƙarfe da ake ɗinkawa a saman jaka, bakinta yana fuskantar baya. Jatan lande da ruwa ya kwaso yakan wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ya iya komowa ba. Kifi kuwa da ya juya yana iyo gaba, sai ya ci karo da tagar ya fita. Wurin da aka ɗinka ta yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ta yi nisa da inda kamu yake taruwa, kifi zai gaji bai kai gare ta ba. Idan kuma ta yi kusa ainun, jatan lande zai zube ta ciki lokacin ɗagowa.

6.0 Doka da Aiki da Ita a Nijeriya

6.1 A Teku

Dokar kamun kifi a teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana jan taru a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 9, domin kare gidan renon kifi da kuma masu kwale-kwale. Haka kuma sun ƙayyade idon jakar tarun jatan lande a kan milimita 44, na tarun kifi kuwa milimita 76. A 1996 aka wajabta rariyar kunkuru.

Wajabcin yana da nasaba da ciniki. A 1989 Amurka ta kafa dokar hana shigar da jatan landen duk ƙasar da ba ta kare kunkuru kamar yadda ita take yi. Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan suka kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta yanke hukunci a 1998 cewa manufar dokar halas ce amma an nuna bambanci wajen aiwatar da ita. Bayan Amurka ta yi gyara, sai hukuncin 2001 ya tabbatar mata da dokar. A 2004 takunkumin ya faɗa kan Nijeriya saboda sakaci da amfani da rariyar, kuma sai da aka sake horar da ma'aikatan jirage aka tsaurara bincike kafin a ɗage shi. A tsakanin 2002 da 2008 Nijeriya ta shiga wani shirin ƙasa da ƙasa na rage kamun rakiya a tarun jatan lande, inda Cibiyar Binciken Teku ta Legas ta gwada ƙire-ƙire dabam-dabam a ruwan ƙasar.

Akwai wani ƙalubale da ƙira kaɗai ba ta warware shi. A gaɓar Afirka ta Yamma ba a cika zubar da ƙananan kifi ba, domin akwai masu kwale-kwale da suke zuwa su saya a tsakiyar ruwa, kuma kuɗin yakan zama ƙarin abin sawa a aljihu ga ma'aikatan jirgi. Wanda yake cin moriyar kamun rakiya ba zai yi murna da tagar da ke zubar da shi ba, kuma ɗaure bakin taga bai wuce aikin ɗan zare ba. Wannan ya nuna cewa dabara ba ta aiki sai mai riƙe da raga ya ga amfaninta.

6.2 A Ruwan Cikin Ƙasa

Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da ragar da aka keɓe don kamun warangi. Ta kuma haramta su da guba ko nakiya ko lantarki.

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsarsa a 1968, ya ba da misalin da ya fi kusa da matsalar jatan lande. Warangi ɗan ƙaramin kifi ne da ba ya girma, don haka sai da raga mai ido irin na gidan sauro ake kama shi. Masunta suka rungumi wani dogon taru da ake ja zuwa gaɓa, wanda ake kira dala. Da yake a bakin gaɓa ake jansa, inda 'ya'yan karfasa da na sauran manyan kifaye suke kiwo, sai ya riƙa kwaso su tare da warangi. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus, tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Sabuwar Busa, ya tattara bayanai a kan wannan ɓarna. A ƙarshen shekarun aka haramta dala a tafkin, aka kuma jawo sarakuna da shugabannin masunta cikin aikin tsaro da ba da lasisi.

Ita kuwa Argungu ta nuna ƙarfin dabarar gargajiya. Gurbin Matan Fada a rufe yake, ba a shigarsa sai lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934, kuma ko a ranar da koma da gora kawai ake shiga. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Kifi ba ya kai wannan girma sai an bar shi ya shekara da shekaru.

7.0 Darasi ga Masuntan Gida

Babu jirgin ja a Gagare ko Bunsuru, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ana iya taƙaita darasin kamar haka:

(a) A tsaya ga idon da doka ta ƙayyade a kalli da taru da birgi, a bar gidan sauro ga aikin da aka yi shi dominsa.

(b) A duba ido a lokacin da raga take cikin ja, domin idon da ya tsuke daidai yake da ƙarami.

(c) A bar wa gura da undurutu 'yar kafar da ƙaramin kifi zai fita, kamar yadda aka yi wa tarun teku taga.

(d) A zazzage taru a cikin ruwa marar zurfi maimakon kan yashi, domin a saki ƙanana da kififiya da ransu.

(e) A raya al'adar rufe wasu gurabe a ƙarƙashin Sarkin Ruwa, domin a bar iri.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa wannan gyara yana da tsada a farko. Masuncin da ya faɗaɗa ido zai ga kamunsa ya ragu kafin ya ga ya ƙaru, kuma matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki tun shekarun 2010 ta ƙara wa talaka ƙunci. Haka kuma idan mutum ɗaya ya saki ƙanana, maƙwabcinsa ya kwashe su, to ya yi asara a banza. Saboda haka gyaran na gari ne gaba ɗaya, kuma yana bukatar yarjejeniyar duk masu shiga gurbi ɗaya.

8.0 Keɓaɓɓun Kalmomi da Koyarwa

Wannan batu yana ba malamin Hausa damar koyar da ƙirar kalma. Daga su aka sami aikatau sunta, daga gare shi kuma aka sami masunci da masunta ta hanyar ɗafa ma- a farko. Sunayen kifi irin su giwan ruwa da ragon ruwa harɗaɗɗun kalmomi ne da aka gina ta hanyar kwatanta kifi da dabbar tudu. Kalmar ido kuwa misali ce ta faɗaɗa ma'ana, daga gaɓar jiki zuwa ramin raga, kamar yadda ake cewa bakin taru da wuyan taru. A kan wannan tafarki aka ƙirƙiri kamun rakiya da rariyar sanduna da tagar kifi a cikin wannan babi. Haka kuma ya dace malami ya lura da karin harshe, domin ɗalibin Badarawa ko Zurmi kihi zai ce, kuma aikin malami shi ne ya nuna masa daidaitacciyar Hausa ba tare da ya wulakanta karin gidansu ba.

Wajen gabatar da darasi, malami zai iya zuwa aji da ƙyallen raga biyu masu ido dabam-dabam da kwanon da aka haɗa gero da wake da gyaɗa mai ɓawo. Ɗalibai su zuba su ga abin da kowace raga take riƙewa, sannan su ja ƙyallen su ga yadda ido yake tsukewa. Bayan haka sai a tura su ga masuntan garinsu su tattaro sunayen kifi da na kayan su, su kuma tambayi dattawa irin kifayen da ake samu a da waɗanda suka yi wuya a yau.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan babi an bayyana ma'anar kamun rakiya da rabe-rabensa, an nuna yadda yake aukuwa a gulaben arewacin Zamfara da tafkin Kainji da kuma teku. An kawo dabaru huɗu na ƙirar raga, wato faɗin ido da siffar ido da rariyar sanduna da tagar kifi, aka kuma nuna cewa dukkansu sun dogara ne ga sanin girman halitta da ɗabi'arta. Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙira mai kyau tana bukatar doka, doka kuma tana bukatar yardar masu sana'a. Malamin da aka tura garin da ke bakin gulbi zai tarar da 'ya'yan masunta a ajinsa, kuma su ne za su riƙi taru nan gaba.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin kamun rakiya da kamun zubarwa tare da misalai.
2. Me ya sa kalli ya fi taru zaɓe?
3. Yi bayanin yadda rariyar sanduna take aiki.
4. Kawo kamanci biyu tsakanin matsalar dala a Kainji da ta tarun jatan lande.
5. Tattaro keɓaɓɓun kalmomin su guda goma na yankinku, ka nuna yadda aka ƙera kowace.